Wa ya koya wa yaran nan zagin kansu?

A Damagaram watan Yuli wata ne na guɗa da kuka. Lokacin ne ake kiran sakamakon BEPC da na Bak, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da ta babbar sakandare, kuma a shekaru da dama waɗanda suka faɗi a Nijar sun fi waɗanda suka ci yawa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin makaranta ana kiran sunaye ya san yadda zuciya ke dukan uku-uku. Yarinya ta damƙe hannun ƙawarta, ana matsowa kusa da lambarta, sai ta ji an tsallake. Ta daure ta jira ko za ta fito cikin ƴan zagaye na biyu, nan ma shiru. Ƙawaye na rungumar juna, ita kuwa ta ja hijabi ta kama hanyar gida.

A ɗauki ƴan mata biyu, ajinsu ɗaya, unguwarsu ɗaya, a Birni ko a Garin Malam, duka sun faɗi. Ta farko ta sha kukanta, sannan ta ce wa kanta: "Wallahi da ciwo. Amma ba kaina farau ba, da yawa a ajinmu ba su samu ba. Lissafi ne ya kayar da ni, shi zan riƙe baɗi." Ta biyu abin da ke kai-kawo a ranta daban ne: "Ni dama daƙiƙiya ce. Na sa Baba asara. Duk abin da na taɓa sai ya lalace. Da babu ni da sun huta." Kafin a koma lakwal a watan Oktoba ta farko ta karɓo littattafan yayarta tana bita. Ta biyu ta daina cin abincin kirki, barci ya ƙaurace mata, ko sallama aka yi sai ta shige ɗaki. Faɗuwa ɗaya ce ta same su. Abin da ya raba su shi ne halin da kowace ta tashi da shi, da irin muryar da take yi wa kanta magana da ita, da mutanen da ke kewaye da ita. Muryar nan ita ta fi damuna, don ita ce ta fi zama a hannunmu, kuma ita muka fi sakaci da ita.

Baƙin ciki ba cuta ba ne. Wanda ya yi rashi ko ya faɗi jarrabawa dole ransa ya ɓaci. Likitoci suna kiran abin ciwon damuwa ne idan ƙuncin ya zauna kusan kullum har mako 2 ko fiye, mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake so, barci da cin abinci suka rikice, jiki ya mutu, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, har harkokinsa na yau da kullum suka tsaya. A wurin matasa ciwon yakan zo da fuskar da ke ruɗar iyaye: saurin fushi, tsiwa, ƙin zuwa aike, rufe ƙofa. Sai a ce yaro ya fara taurin kai. Wani kuma jikinsa ne ke magana a madadinsa: kai na sarawa, ƙirji ya yi nauyi, ciki na murɗawa. A kai shi gidan likita, a auna zazzaɓin cizon sauro, a ba shi magani, a dawo, bayan sati biyu a sake komawa da kuka iri ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa 1 cikin 7 na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin ko wajen shekara 14. A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba, a jihar Damagaram da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace jiha yawan jama'a, wannan magana ce ta kowane gida. Masu cewa ciwon Nasara ne su tuna da Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulmi da ya rasu a shekarar 934. Tun a wancan zamani ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauko wa mutum ba dalili ya hana shi sukuni, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana buƙatar magani.

Kowace uwa ta san ƴaƴanta ba ɗaya ba ne tun suna goye. Wani ko an tsawata masa sai ya karkaɗe ya tafi wasa, wani kuwa kallo kawai za a yi masa ya wuni a takure. Masana halayyar ɗan Adam, irin su Paul Costa da Robert McCrae a Amurka, sun tattara bambance-bambancen nan a manyan sassa 5: son shiga mutane, sauƙin kai da son zaman lafiya, tsari da riƙon aiki, son sanin sabon abu, sai kuma saurin shiga damuwa. Wannan na ƙarshe shi ne bincike ya sha nuna ya fi kusanci da ciwon damuwa. Mai irin wannan hali tamkar ƙaramar butar shayi ce a kan gawayi, wuta kaɗan ta tafasa shi, yayin da ɗan'uwansa ke zaune a wuta ɗaya bai ko ɗumama ba. Tsoro, kunya, zargin kai da fargabar gobe suna saurin kama shi, kuma suna daɗewa ba su sake shi ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin hali gado ne. Yaron bai zaɓa ba, iyayensa ma ba su zaɓa masa ba.

Muna cewa hali zanen dutse ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa sun haɗa bincike masu yawa da suka bi mutane shekara da shekaru, suka ga yawancin mutane suna ƙara natsuwa da riƙon aiki yayin da suke fita daga ƙuruciya zuwa girma. Ke nan halin ɗan shekara 15 bai gama bushewa ba. Kuma hali shi kaɗai ba ya yanke wa kowa hukunci. Akwai masu saurin damuwa da yawa da ba su taɓa kwanciya ciwon ba.

Akwai wani yaro da nake so a lura da shi, don shi ne ya fi ɓacewa a idonmu: yaron kirki. Mai kunya, mai zurfin ciki, wanda ba ya musu, ba ya son ya ɓata wa kowa, kuma yana son komai nasa ya fita daidai. Shi ake yabo a gida, shi mushe, wato malamin makaranta, ke kafa misali da shi a aji. Idan irin wannan yaro ya haɗa da saurin damuwa, kuskure ƙarami yakan zame masa shari'a a cikin kansa, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali. An riga an koya masa cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, don haka ba zai faɗa ba. Ɗan'uwansa mai rigima ana ganin tasa matsalar tun daga ƙofar gida. Shi kuwa sai abin ya yi nisa.

Shekarun balaga su ne lokacin da abin ke tsananta. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa motsin rai birki, ba ya gama ginuwa sai an haura shekara 20, alhali sassan da ke jin kunya da tsoron idon mutane sun riga sun farka. Kafin balaga maza da mata kusan daidai suke wajen kamuwa da ciwon damuwa, amma daga wajen shekara 13 mata sukan fara yin gaba har su kusa ninka maza. Susan Nolen-Hoeksema ta danganta wani ɓangare na wannan da yawan saƙa da warwara, wato mutum ya zauna yana juya abu ɗaya a ransa ba tare da ya kai ga mafita ba. A wajenmu akwai ƙarin nauyi. Binciken lafiya na 2012 ya nuna kusan 3 cikin 4 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18. Ga yarinya da yawa faɗuwa BEPC na nufin maganar lakwal ta ƙare, maganar aure ta taso, ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Ga kuma salula a hannu, tana kallon hotunan waɗanda suka ci ana ta yi musu barka a WhatsApp.

A 2003 Kristin Neff ta Jami'ar Teksas ta fitar da ma'aunin abin da ta kira tausayin kai. Abin da take nufi shi ne mutum ya yi wa kansa, a lokacin da ya faɗi, irin abin da zai yi wa amininsa. Ya yi wa kansa magana mai laushi maimakon zagi. Ya tuna cewa kuskure da wahala rabon kowane ɗan Adam ne, don ciwon damuwa yana son ya raɗa wa mutum cewa shi kaɗai ne lalatacce a duniya. Sannan ya iya kallon zafin da yake ji ya ce "wannan zafi ne", ba tare da ya danne shi ba, ba tare kuma da ya bari ya haɗiye shi ba. A sake duba maganar yarinya ta farko, duka ukun suna ciki, ba tare da ta taɓa jin sunan wata Neff ba.

A 2012 Angus MacBeth da Andrew Gumley a Sikotland suka tattara binciken da aka yi a kan manya, suka ga duk inda tausayin kai ya yi yawa, alamun damuwa da fargaba sun yi ƙasa, kuma alaƙar mai ƙarfi ce. A 2018 aka yi irin wannan tattarawa a kan matasa kusan 7,000, sakamakon ya fito kusan iri ɗaya. Sai dai a yi adalci. Yawancin binciken an yi shi ne a Amurka, Turai, Ostireliya da gabashin Asiya, kuma mafi yawansa yana nuna abubuwa biyu na tafiya tare ne kawai. Yana yiwuwa rashin tausayin kai ya jawo ciwon, yana yiwuwa kuma ciwon ne ke cinye tausayin, kuma a ganina kowanne na ciyar da ɗan'uwansa. Wasu masana, irin su Peter Muris, sun yi ƙorafin cewa rabin tambayoyin ma'aunin suna auna zargin kai da keɓewa ne, waɗanda dama sun yi kama da alamun ciwon da kuma halin saurin damuwa, don haka alaƙar takan fito fiye da girmanta. Ƙorafin na da tushe. Duk da haka gwaje-gwajen da aka koyar da mutane tausayin kai na ƴan makonni, har da shirin matasa da Karen Bluth ta gwada a Amurka, sun nuna abin ana koyonsa, kuma alamun damuwa sukan ragu, ko da ba ragi mai yawa ba. Wannan ne ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci. Ba za a sauya wa yaro halin da aka haife shi da shi a wata biyu ba, amma ana iya sauya abin da yake faɗa wa kansa idan halin ya motsa.

Na san abin da maigida zai ce, don kullum ana faɗa: "Wannan ai shagwaɓa ce. Mu da aka yi mana bulala ba ga mu mun zama mutane ba? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Tsoronsa na gaskiya ne, yana gudun kada yaro ya sami kafar lalaci. Amma a 2012 Juliana Breines da Serena Chen a Kaliforniya sun ba ɗalibai jarrabawa mai wuya da gangan. Wasu aka gaya musu cewa ba su kaɗai suka sha wuya ba, kada su tsananta wa kansu. Waɗannan ne suka fi daɗewa suna bita kafin jarrabawa ta biyu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya san idan ya duba kuskurensa zai sha zagi daga cikin kansa, gudun dubawa yake yi. Ya ɓoye takardar, ya ƙi tambayar mushe, ya ce kansa na ciwo ranar gwaji. Wanda bai ji tsoron kallon kuskuren ba shi ke gyara shi.

Paul Gilbert a Ingila, wanda ya daɗe yana aiki da marasa lafiya masu tsananin kunya da zargin kai, ya bayyana cewa jiki ba ya bambanta sosai tsakanin barazanar waje da ta ciki. Zagin da mutum ke yi wa kansa yana tayar da tsarin tsoro kamar yadda tsawar wani ke tayar da shi. Bambancin shi ne mai tsawa yakan gaji ya tafi, muryar ciki kuwa tana bin yaro har shimfiɗa.

Addini ma bai san wannan tsanani ba. Lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abu Darda yana azabtar da kansa da azumi da tsayuwar dare, ya ce masa ransa yana da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salman. An ce kowane ɗan Adam mai kuskure ne, mafi alherin masu kuskure su ne masu tuba, kuma a Suratuz Zumar an hana yanke ƙauna daga rahamar Allah. Mai tuba yana cewa "na yi ba daidai ba, zan gyara". Mai yanke ƙauna yana cewa "ni ne ba daidai ba". Abin da ke ɓata mini rai shi ne a ce wa yaron da ke cikin ciwo "rashin tawakkali ne" ko "imaninka ne ya yi rauni". An ƙara masa sabon laifin da zai tuhumi kansa da shi ke nan. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya isa ya ce imaninsa ne ya gaza.

Muryar da yaro ke zagin kansa da ita ba daga sama ta faɗo ba. A saurari kalmomin: jaki, daƙiƙi, ɗan banza, ba ka da amfani, dubi ɗan wane. Duka ya fara jinsu ne daga bakin wani, a tsakar gida ko a aji ko a makarantar allo, kafin su zama nasa. Uwar da ta tashi tun asuba neman ruwa, uban da kasuwa ta ƙi, mushen da ke fama da aji cike maƙil, ba mugunta ce ke sa su faɗa ba, gajiya ce da abin da su ma aka yi musu. Amma yaro mai saurin damuwa ba ya jin gajiyar, kalmar yake ɗauka ya adana. Akwai tazara mai nisa tsakanin "ba ka yi aikin nan da kyau ba, sake" da "kai ba ka iya komai ba". Na farko horo ne, kuma ba wanda ya ce a daina horo.

Al'adarmu ta san iyaye ba sa iya nuna taushi a fili, musamman ga ɗan fari da uwa ke jin kunyar ko kiran sunansa. Shi ya sa ta tanadi wasu ƙofofi: kaka mai wasa da jika, gwaggo, kawu, yayar uwa. Ga yadda abin yake idan ya yi aiki. Gwaggo ta shigo ɗakin yarinyar nan ta biyu, ba ta ce "tashi, mene ne abin kuka" ba. Ta zauna bakin katifa da kwanon fura, ta yi shiru na ɗan lokaci. Can ta ce: "Ƴata, da ƙawarki ce ta faɗi ta zo wurinki tana kuka, me za ki ce mata?" Yarinyar ta ce, murya ƙasa-ƙasa: "Zan ce ta yi haƙuri, Gwaggo, ta yi ƙoƙarinta." Gwaggo ta ce: "Za ki ce mata daƙiƙiya?" Ta girgiza kai. "To ke me kika yi da ba ki cancanci abin da za ki ba ta ba?" Wannan tambaya ita ce kusan darasin farko a duk shirin koyar da tausayin kai, kuma tsofaffinmu sun iya ta. Matsalar ita ce ƙofofin suna raguwa. Iyali sun warwatsu tsakanin ƙauye da birni, kaka na Mirya ko Magarya, yaron da aka kawo karatu yana zaune gidan wani inda ba shi da wanda zai yi wa shagwaɓa ko ta minti ɗaya.

Samari kuma suna da fada. Ana yawan zaginta, amma wurin da saurayi ke zama da sa'o'insa ana dafa shayi shi ne inda zai fi saurin jin cewa ba shi kaɗai ba ne. Ya danganta da bakin da ke jagorancin zaman. Wata fadar idan ka faɗi za a ce "sai haƙuri, abokina, mu ma mun sha", wata kuwa za a mai da kai abin dariya har ka daina zuwa. Saurayin da ya tafi Libiya ko haƙar zinariya a Jado ya dawo hannu rabbana yana cikin wannan hali: bashi a kansa, kunya a idonsa, ga ƙanne na kallonsa. Da yawa daga masu shan tramol ba daɗi suke nema ba, so suke muryar nan ta yi shiru na ƴan awoyi.

Tausayin kai ba ya biyan kuɗin makaranta, ba ya hana auren dole, ba ya samar da aiki. Yaron da ake duka kullum ko ake ci wa zarafi, abin da yake buƙata da farko shi ne a tsayar da cutarwar. Haka kuma idan ciwon ya riga ya kama, magana mai daɗi ita kaɗai ba ta isa ba. A fara da majo, wato babban ma'aikacin jinya, a gidan likita na unguwa, a gaya masa komai, har da rashin barci da kuka da keɓewa, kada a tsaya kan ciwon kai kawai. Idan abin ya fi ƙarfinsa zai tura babban asibitin ƙasa na Zinder. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba su iya gane irin wannan ciwo su taimaka. A tsarinsa, ga matasa ana fara wa ne da zaman tattaunawa da gyara abin da ke damunsu a gida da makaranta, ƙwaya sai idan ta zama dole kuma ƙarƙashin idon likita, ba daga hannun mai tallar magani a kasuwar Dole ba. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, kamar yadda ba sa hanawa a ciwon suga.

Kisan kai yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shekara 15 zuwa 29 a duniya, kuma a wajenmu kunya da tsoron abin da za a ce sukan sa a rufe maganar. Idan yaro ya fara cewa "gara in mutu", "kun kusa hutawa da ni", ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane ba dalili, kada a ce neman magana yake. A zaunar da shi a tambaye shi kai tsaye, cikin natsuwa, ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a ran wanda ba shi da shi, wanda ke da shi kuwa takan sauke masa nauyi. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.